Kuɗin Inuwa

Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin sito
a sakatariyar Dukku.
Abin da gwamnati ta saya, ni ke ƙirga shi ya shiga.
In ya mutu, ni ke raka shi bayan gini.

Zo ka ga maƙabartar.
Janareta huɗu sun durƙusa cikin tafasa,
baƙin mai ya tsiyaye har ƙasar wurin ta daina haihuwa.
Ga kujerun roba masu ƙafa uku-uku,
ga na'urar buga takarda da aka kawo da jawabi da tafi,
wata biyar ta yi, ta haɗiye harshenta.
Kowannensu, ranar da aka saye shi,
shi ne mafi araha.

Ran Laraba aka buɗe akwatin masu neman kwangila:
bencin makaranta, dubu da ɗari biyu.
Alhaji Manu ne ya fi kowa sassauci,
katakonsa kuwa, in ji takarda, mai inganci.
Na san ingancin.
Na san hanyar da manyan motoci ke bi bayan lisha
da fitila a kashe.
Na san maɗacin bakin rafin garinmu
inda Inna Dudu ke sauke tulu ta huta.
Da na je babbar sallah bana
kututture na tarar, mai faɗin tabarma,
akuya tsaye a kansa, rana na dukan ta.

Takarda ta uku ta Hammayo ce, mai walda a bakin tasha,
rubutun ɗansa, da jan biro.
Ya ce ƙarafan tsofaffin bencuna
na nan jibge bayan kowane aji, kunamu na haya a ciki.
A ba shi ya miƙe su, ya ɗinke, ya shafa fenti,
ya ɗora allon da ake yi da narkakkiyar robar bola.
Naira ɗari bakwai ya ɗara Alhaji a kan kowane benci.

Shugaban kwamiti ya zare tabarau:
"Mafi araha muke nema."

Ba ni da ƙuri'a a teburin nan, rajista na kawo.
Bakina ne ya riga ni.
Ranka ya daɗe, na ga gurbin ƙusa,
na ga na dako, na ga na haraji.
A wane layi aka sa kuɗin inuwa?
Ina gurbin rafin da yashi zai binne,
ina na matar da za ta ƙara tafiyar awa guda neman itace?
Kwarin da ya cinye rabin makarantar unguwarmu bara,
da kuɗin wa za a cike shi,
in ba daga wannan asusun ba?

Shiru.
Fanka na juyi da man janareta na biyar.

Malama Asabe akanta ba ta dube ni ba.
Ta jawo kalkuleta, ta tambayi shekarun bencin katako.
Na ce damina uku, in gara ta yi kawaici.
Na ƙarfe fa? Na ce wanda na zauna a kai ina aji biyu
yana nan, ƙafa ɗaya ce ta karkace.
Ta danna, ta danna,
ta juya fuskar kalkuletar wajen shugaba.

Ba a yi abin a-zo-a-gani ba.
Dubu aka ba Alhaji.
Ɗari biyu ga Hammayo, wai gwaji.

Har yanzu ina jin motocin bayan lisha.
Amma in na bi ta tasha da magariba
tartsatsin walda na tashi kamar taurari sun sauko kiwo,
yara na jan buhunan roba zuwa sikeli.

Saura wata bakwai in ajiye makulli.
A rajista na rubuta: benci ɗari biyu, sun shigo lafiya.
Can gefe, da fensir, na ja sabon layi,
na sa masa suna bishiyoyin da suka kwana a tsaye.
Ban san adadinsu ba.
Na bar wa wanda zai gaje ni gurbin.